Tambaya kan tace gurɓataccen ruwan masana'antar magunguna da sake amfani da shi

Malama Hadiza:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar tace ruwa da kuma waɗanda suka san harkar haɗa magunguna. Masana'antar da nake kula da sashen muhallinta tana haɗa ƙwayoyin magani da magungunan sha na ruwa, kuma cikin abin da take haɗawa akwai magungunan kashe bakteriya, har da dangin penisilin da ciprofloxacin. Ba mu ƙera sinadarin maganin daga tushe, garinsa muke sayowa mu auna, mu gauraya, mu matse shi ya zama ƙwaya ko mu dama shi ya zama na ruwa.

A halin yanzu duk ruwan da ke fita daga gine-ginenmu yana taruwa ne a rami ɗaya, da na wankin injina, da na wankin daɓe, da na ɗakin gwaje-gwaje, da wanda na'urar tsarkake ruwa ke zubarwa, har da na banɗakunan ma'aikata. Daga ramin sai ya wuce tankin da ake hura wa iska domin bakteriya su cinye dattin, sai a bar shi ya kwanta, a zuba masa kulorin, a sake shi. Sakamakon gwajin COD da muke yi, wato gwajin auna yawan dattin da ke cikin ruwa, bai taɓa wuce iyakar da aka gindaya mana ba.

Shugabannin masana'antar suna son a riƙa dawo da aƙalla rabin wannan ruwa ana sake amfani da shi. Wani kamfani ya ba da shawarar a ƙara na'urar RO, mai tace ruwa ta hanyar matsa shi ta cikin tantani, a ƙarshen tsarin da muke da shi, wani kuma ya ce a kafa tsarin da ba ya barin ko ɗigo ɗaya ya fita waje. Tambayata ita ce wanne ya fi dacewa da irin masana'antarmu, kuma a waɗanne wurare ne ya halatta a yi amfani da ruwan da aka dawo da shi.

Injiniya Lawal:

Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Kafin a kai ga maganar na'urar da za a saya, ina ganin matsalar tana cikin jimla ɗaya da kika rubuta, wato inda kika ce duk ruwan yana taruwa a rami ɗaya. Ruwan da ke fita daga masana'antar magunguna iri-iri ne, kuma bambancin da ke tsakaninsu mai girma ne ƙwarai. Mafi yawansa kusan tsabtatacce ne, kaɗan daga cikinsa ne ke ɗauke da kusan dukkan maganin. Da zarar an haɗe su, an mayar da ruwa mai yawa da ba shi da laifi ya zama gurɓatacce, kuma an tsinka maganin ya bazu a cikin ruwan da zai yi wuya a sake ciro shi. Duk kuɗin da za a kashe daga baya, kuɗin warware wannan haɗin ne.

Zan fara da wanda ya fi sauƙi. Na'urar da ke samar muku da tsarkakakken ruwan haɗa magani tana zubar da wani kaso na ruwan da ya shiga cikinta, sau da yawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ruwan bai taɓa magani ba ko kaɗan, gishirin da ke cikinsa ne kawai ya ƙaru. Haka ma tururin da ya huce ya koma ruwa. Idan aka ja musu bututunsu daban, za a iya kai su hasumiyar sanyaya ruwa ko banɗakuna da ɗan gyara kaɗan, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar cewa wani babban kaso na rabin da shugabanninku ke nema yana nan, ba tare da an taɓa ramin dagwalo ba.

Sai ɗaya gefen, wato wankin farko na injinan gauraya da na matse ƙwaya da na shafa wa ƙwaya rufi. A nan maganin yake. Abin da ya kamata shi ne a fara share garin da ya saura a busasshe, da injin zuƙe ƙura da kuma goge-goge, kafin ruwa ya taɓa injin. Bayan nan sai a tara ruwan wankin farko a tanki na musamman, kada ya gangara magudana. Tunda ba shi da yawa, ana iya ƙafar da shi a aika abin da ya rage zuwa wurin ƙona shara mai haɗari da ke da tsananin zafi, ko a lalata maganin tun a cikin tankin. Dangin penisilin suna da sauƙi ta wannan fuska, domin kostik soda tana fasa zoben sinadarin da ƙarfin maganin ya dogara a kansa idan aka ɗaga ma'aunin pH sosai, wato aka kai ruwan ɓangaren kanwa nesa da tsami, aka ba shi isasshen lokaci, sannan a daidaita ruwan kafin a sake shi gaba. Ciprofloxacin kuwa ba ya jin wannan, don haka nasa ruwan sai an bi da shi ta wata hanya.

Abin da ya rage a tsakiya, wato wankin daɓe, da wankin tukwanen magungunan ruwa masu sukari, da ruwan banɗaki, shi ne ya dace da tankin bakteriya. Sukari abinci ne gare su, kuma magunguna irin su paracetamol da ibuprofen suna ruɓewa a irin wannan tanki ba tare da wahala ba, sai dai wasu kamar carbamazepine suna ratsa shi su fita kusan yadda suka shiga. Ina ba da shawarar a sa babban tankin daidaitawa a gabansa, domin masana'antar magunguna kashi-kashi take aiki, yau wannan magani gobe wancan, kuma bakteriyar tankin ba sa jure sauyin da ya zo musu kwatsam. Idan da hali, a maye gurbin tankin kwantar da laka da tantanin tacewa da ake nutsawa a cikin tankin, tsarin da ake kira MBR, saboda ruwan da yake fitarwa ba shi da laka, kuma shi ne irin ruwan da RO ke iya karɓa ba tare da ta toshe a cikin 'yan makonni ba.

Game da shawarar kamfanin farko, a sani cewa RO ba ta lalata komai. Matsa ruwa take yi ta cikin tantani mai tsananin ƙanƙantar ƙofofi, sai ruwa mai tsabta ya wuce, gishiri da magani su tsaya a baya. Idan ta dawo da kashi 75 cikin 100 na ruwan, ragowar kashi 25 ɗin yana ɗauke da kusan dukkan abin da ke cikin ruwan tun farko, amma da kauri kusan ninki huɗu. Duk wanda ya kawo miki tayin RO, tambayar farko da za ki yi masa ita ce ina wannan ragowar zai tafi. In ya ce magudana, to kogin da ke karɓar ruwanku zai sami adadin maganin da yake samu a da, sai dai a cikin ruwa kaɗan.

Dakta Bilkisu:

Na yarda da Injiniya kan raba ruwan tun daga tushe, amma ina so in tsaya a kan maganar COD, domin a nan ne mutane da yawa ke samun kwanciyar hankalin da ba ta da tushe. Gwajin COD yana auna jimillar dattin da ke iya cinye iskar oksijin a cikin ruwa, kuma da miligiram a kowace lita ake lissafa shi, goma-goma ko ɗari-ɗari. Maganin kashe bakteriya kuwa yana yin illarsa a matakin da ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Ruwa zai iya cin jarrabawar COD da kyakkyawan sakamako alhali yana ɗauke da maganin da ya ninka abin da ya dace sau dubbai.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Patancheru, kusa da birnin Haidarabad na ƙasar Indiya. A shekarar 2007 Joakim Larsson na Jami'ar Gothenburg da ke Suwidin da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon gwajin ruwan da ke fita daga wata matatar da ke karɓar dagwalon masana'antun magunguna kusan 90. Sun sami ciprofloxacin har miligiram 31 a lita ɗaya, wanda ya fi abin da ake samu a jinin majinyacin da ke shan maganin, kuma an ƙiyasta cewa kimanin kilogiram 44 na maganin ke fita a rana guda. Abin lura shi ne wannan ruwa ne da ya riga ya bi ta matata. Gaskiya ne cewa waɗancan masana'antu masu ƙera sinadarin daga tushe ne, kuma nasu dagwalon ya fi na irinku kauri sosai, amma binciken da Hukumar Nazarin Ƙasa ta Amurka ta wallafa a 2010 ya nuna cewa matatun jihar New York da ke karɓar ruwan masana'antun da ke haɗa magani kawai suna fitar da wasu magunguna ninki 10 zuwa 1,000 na abin da sauran matatu ke fitarwa. Saboda haka sayo gari a matse shi bai fitar da masana'anta daga cikin lissafin ba.

Haɗarin shi ne bijirewar bakteriya ga magani. Idan maganin yana cikin ruwa a matakin da bai isa ya kashe duk bakteriya ba, masu rauni ne ke mutuwa, masu jurewa su sami fili su yaɗu, kuma bakteriya suna iya miƙa wa junansu ƙwayoyin gadon da ke ba su wannan juriya ko da ba jinsinsu ɗaya ba. A nan ne nake da ɗan saɓani da Injiniya. Ya sa ruwan banɗaki cikin abin da zai shiga tankin bakteriya tare da wankin daɓe, ni kuwa ba na son ganin bakteriyar hanjin ɗan Adam sun zauna a tanki ɗaya mai ɗumi da wadataccen abinci tare da ragowar maganin kashe bakteriya, domin duk sharuɗɗan renon masu bijirewa sun cika a wurin. Idan ba a tabbatar cewa wankin daɓen sashen waɗannan magunguna ya kuɓuta daga maganin ba, gara ruwan banɗaki ya bi hanyarsa daban. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ɗora alhakin mutuwar mutum miliyan 1.27 a shekarar 2019 kai tsaye a kan bakteriya masu bijire wa magani, kuma ko da yake ba masana'antu ne babban tushen wannan ba, su ne wurin da magani ke iya taruwa da kaurin da ba a samu a ko'ina.

Akwai ma'aunin da za ki iya riƙewa. Ƙawancen kamfanonin magunguna da ake kira AMR Industry Alliance ya fitar da ƙa'idar ƙera waɗannan magunguna a 2022, da jerin iyakokin da bai kamata kowane magani ya wuce ba a cikin ruwan da ke karɓar dagwalon. Na ciprofloxacin mikirogiram 0.06 ne a lita (mikirogiram kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram), kuma ga maganin da ba a tantance nasa ba ana ɗaukar 0.05. A watan Satumba na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta fitar da jagoranta na farko kan dagwalon masana'antun da ke ƙera su. Domin a ga ƙanƙantar wannan adadi, kilogiram ɗaya na gari da ya bi ruwan wanki yana buƙatar lita biliyan 20 na ruwa kafin ya tsinke ya sauko zuwa 0.05. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa share gari a busasshe ya fi kowace na'ura da za a sa a ƙarshen bututu daraja.

Kada kuma a manta da lakar da ake kwashewa daga tankin. Ciprofloxacin da danginsa suna manne wa laka sosai, shi ya sa wani lokaci gwaji ke nuna sun ragu a cikin ruwa alhali wuri kawai suka sauya. Irin wannan laka ba ta dace da gona a matsayin taki ba, ƙonawa ce hanyarta.

Malama Hadiza:

Na gode ƙwarai, Injiniya da Dakta. Bayaninku ya nuna mini cewa aikin farko shi ne auna kowane bututu daban, da lissafa yawan garin da ke ɓacewa a kowane zubi ta hanyar kwatanta abin da aka auna a farko da abin da ya fito a ƙarshe. Saura abu biyu. Na farko, ga ruwan da ke ɗauke da ciprofloxacin da sauran magungunan da bakteriya ba sa iya ci, ozon ne ya fi ko gawayin tacewa? Na biyu, an kawo shawarar a riƙa ban ruwan ciyayi da itatuwan harabar masana'anta da ruwan da aka tace, kuma wasu na tambaya ko ruwan da ya fito daga RO zai iya komawa ya zama ruwan haɗa magani, tunda gwaji ya nuna ya fi ruwan famfo tsabta.

Malam Isa:

Zan amsa na biyun, domin fannina ne na tabbatar da ingancin magani. Ruwan da aka dawo da shi daga dagwalo kada ya shiga cikin magani, kada ya zama abin da ake ciyar da na'urar tsarkake ruwa da shi, kuma kada ya taɓa cikin injin da magani ke bi. Kundayen ƙa'idar magunguna, irin na Amurka, sun shar'anta cewa tsarkakakken ruwan haɗa magani daga ruwan da ya cika sharuɗɗan ruwan sha ake samar da shi. Masu cewa ruwan RO ya fi na famfo tsabta suna duba gishiri ne da makamantansa, amma abin da mai duba masana'anta zai tambaya shi ne hujjar cewa babu ɓurɓushin wani magani da zai koma cikin wani maganin, a kowace rana, har da ranar da tantanin ya tsage ba a lura ba. Wannan hujja tana da wuyar kafawa, kuma ribar ruwan da za a samu ba ta kai girman kasadar ba.

Batun penisilin ya fi tsanani. Dalilin da ya sa ake ware masa gininsa da iskarsa da kayan aikinsa shi ne ɗan ƙanƙanin adadi yana iya tayar wa mai rashin jituwa da shi mummunar illa da ke iya kai wa ga rasa rai. Idan aka haɗa ruwan sashen penisilin da na sauran sassa, sannan aka dawo da shi ana wanke daɓen wani gini, an buɗe wata ƙofa ta baya a katangar da aka kashe kuɗi mai yawa wajen ginawa. Ko a hasumiyar sanyaya ruwa sai an yi hattara, saboda tana watsa feshi a iska, kuma tana ƙara wa duk abin da ke cikin ruwan kauri yayin da ruwan ke tashi ya zama tururi. Idan tana kusa da inda ginin haɗa magani ke shaƙar iska, a sake tunani. Ga kuma bakteriyar Legionella mai haddasa ciwon huhu, da ke son ruwa mai ɗumi da ragowar abinci, don haka dole a ƙara kula da tsabtar hasumiyar.

Ban ruwan ciyayi shi ne wanda na fi shakka a kansa, duk da cewa shi ya fi kama da abu marar illa. Ƙasa cike take da bakteriya, kuma duk abin da aka zuba mata kullum yana taruwa ne ko ya gangara zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa. In za a yi, a yi da ruwan da bai taɓa magani ba wanda Injiniya ya ambata, muddin gishirinsa bai yi wa tsirrai yawa ba.

Injiniya Lawal:

Gyaran Dakta kan ruwan banɗaki yana da ƙarfi. Masu gudanar da matatu suna son sa ne saboda yana kawo sinadaran naitirojin da fosfaras da bakteriyar tanki ke buƙata, amma ana iya zuba waɗannan daga buhu, don haka babu dole a haɗa.

Kan ozon da gawayi, kowanne da inda ya fi ƙarfi. Ozon yana farfasa maganin ne, kuma yana aiki sosai a kan ciprofloxacin da carbamazepine da diclofenac, amma yana da sharuɗɗa. Ba ya zaɓe, duk dattin da ya tarar zai afka masa, saboda haka idan aka sa shi kafin tankin bakteriya ya rage dattin, yawancinsa a kan sukari da sabulu zai ƙare. Ba kasafai yake kai maganin ga ƙarshen lalacewa ba, gutsattsari yake bari, shi ya sa ake bin sa da matatar yashi ko ta gawayi. Idan kuma ruwan yana da sinadarin buromaid, ozon yana mayar da shi buromet, wanda ake zargi da haddasa ciwon daji, don haka a gwada wannan kafin a yanke shawara. Gawayin tacewa ba ya haifar da sabon sinadari, kama maganin yake yi a cikin ƙananan ramukansa, amma yana cika, kuma ranar da ya cika maganin zai fara ratsawa ba tare da launin ruwan ko warinsa ya sauya ba. Gwaji a kai a kai ne kaɗai ke nuna lokacin sauya shi. Ƙasar Suwizalan, wadda dokarta ta 2016 ta tilasta wa manyan matatun birane cire irin waɗannan sinadarai da kashi 80 cikin 100, ta bar wa kowace matata zaɓi tsakanin hanyoyin biyu gwargwadon yanayin ruwanta. Ga ɗan ƙaramin ruwa mai kauri irin na wankin farko, akwai kuma hanyar Fenton, inda ake haɗa gishirin ƙarfe da haidurojin feroksaid a ruwa mai tsami da pH ɗinsa ke kusa da 3, sai dai tana barin lakar ƙarfe da ita ma sai an nema mata wuri.

Ina kuma jan hankali kan kulorin da kuke zubawa a ƙarshe. Yana kashe bakteriya, amma ba a dogara da shi wajen lalata magani, kuma idan ya haɗu da amoniya ya zama kuloramin yana iya haifar da NDMA, sinadarin da ake zargi da haddasa ciwon daji, daga wasu magunguna, wanda ranitidine ya yi fice a cikinsu. Hasken UV, wato haske na musamman da ke kashe bakteriya, ya fi dacewa da wannan mataki idan ruwan ya yi garau.

Tsarin da ba ya barin ɗigo ya fita ya yaɗu a masana'antun magunguna na Indiya saboda matsin hukumomin muhalli, kuma ga masu ƙera sinadari daga tushe, waɗanda ruwansu ke cike da gishiri da sinadaran narkarwa, yana da hujja. Ragowar RO ake dafawa a jerin tukwanen ƙafarwa har sai ta zama busasshen gishiri. Yana cin tururi da wutar lantarki mai yawa, gishirin da ya bari shara ce mai haɗari da ke buƙatar wurin ajiya na musamman, kuma tsarin da ya yi tsadar gudanarwa shi ne wanda ake jarabtuwa a kashe shi a ɓoye idan kasuwa ta yi sanyi. Ga masana'anta irin taku, ƙaramar na'urar ƙafarwa da za ta karɓi wankin farko da ragowar RO kawai za ta iya wadatarwa. Girmanta ba zai sanu ba sai kin sa ma'aunin gudun ruwa a kowane bututu na tsawon lokacin da zai haɗa da zubin kowane magani da kuke yi, kin kuma aika samfurin wankin farko da na ruwan da ke fita daga matata zuwa ɗakin gwajin da ke iya auna magani a matakin mikirogiram. Ki ɗebi samfurin a ranar da ake wanke injinan ciprofloxacin, kuma ki tara shi sa'a bayan sa'a na yini guda, domin ɗiba ɗaya tana iya faɗawa a lokacin da ruwan wankin bai iso ba ko ya riga ya wuce.